Amanar da Ba Ta Komawa Hannun Mai Ita

A gidanmu da ke Tudun Wadan Zariya, kakata ta sha karɓar ajiyar matan unguwa, daga kuɗin adashi har zinaren amarya. Ƙa'idarta guda ce: ranar da mai kaya ta zo, ko da tsakar dare ne, za ta tafi da abinta ba tare da ko sisi ya yi ciwon kai ba. Wannan ƙa'ida na tuna sa'ad da na kammala digiri, na fara kula da bayanan wata makaranta mai zaman kanta.

Da farko bayanan ɗalibai suna cikin wata kwamfuta a ɗakin da muke kira rumbu. Ƙurar hunturu tana shaƙe ta, wuta tana ɗaukewa, man janareta yana cinye riba. Ni na bayar da shawarar mu kwashe komai zuwa gajimare, wato mu yi hayar rumbun wani babban kamfanin waje ta intanet. Shiga ta zo da sauƙi, har da rangwame.

Sai ga watan Yunin 2023, aka saki naira ta nemi darajarta a kasuwa. Dalar da take kusan naira 460 ta haura 1,500 a farkon 2024, mu kuwa da dala muke biya. Da muka nemi ƙaura, sai muka tarar an gina manhajarmu da kayan aikin da kamfanin kaɗai yake da su, fitar da bayanan ma akwai kuɗinsa. Babu wanda ya ɗaure mu, amma tafiya ta fi zama tsada.

Shin wanda ya ƙawata ƙofar shiga, ya ƙuntata ta fita, ya ci amana? Masu kare shi za su ce akwai gasa, tunda Amazon da Microsoft da Google suna kokawar kasuwa, kuma mun sa hannu da idonmu buɗe. Sai dai gasarsu a kan baƙon da bai shigo ba take. Wanda ya riga ya sauke kaya ba ya cikin rabon. Su kansu sun nuna da lauje cikin naɗi, domin a 2024, bayan Tarayyar Turai ta kafa dokar sauƙaƙa sauya kamfani, ukun duka suka yafe kuɗin fitar da bayanai ga mai barinsu baki ɗaya. Abin da doka ta iya kankarewa cikin 'yan watanni, da wuya a ce dole ce ta haife shi.

Ba na wanke kaina. Na karanta farashin shiga, ban tambayi na fita ba. Tsohon rumbunmu ma ba 'yanci ba ne, don mutum ɗaya ya san sirrinsa, in ya yi tafiya aiki ya tsaya. Ko mun koma rumbun gida, kamar na Galaxy Backbone a Abuja da Kano, biya da naira zai rage zafi, amma tambayar kakata tana nan: in na zo da tsakar dare, za a ba ni?

Har yau muna wurin kamfanin. Kowane ƙarshen wata nakan sauke kwafin bayanan a faifai, in kulle a durowar shugaban makaranta, bayan na gwada cewa zai buɗu a wata na'urar.