Hukuncin Mai Ara Wa Labaran Ban Tsoro Muryarsa

Da sunan Allah, Mai rahama, Mai jin ƙai. Godiya ta tabbata ga Allah Ubangijin talikai, wanda Ya halicci mutum da aljan domin su bauta maSa. Tsira da aminci su tabbata ga Shugabanmu Annabi Muhammadu, da alayensa da sahabbansa baki ɗaya.

Bayan haka, ya 'yan'uwa Musulmi, wata wasiƙa ce ta iso wannan fili daga wani saurayi wanda ya roƙi mu sakaya sunansa. Ya ce Allah Ya hore masa murya, har yakan yi ladanci a masallacin unguwarsu. To, sai masu wani shirin sauti na intanet, irin wanda ake kira fodkas, suka gayyace shi ya zama baƙonsu, ya karanta musu labari guda daga cikin ƙagaggun labaransu na ban tsoro, su biya shi lada. Labarin kuwa na wata mata ce da ta rasu aka binne ta, amma ta riƙa komowa gidan mijinta cikin dare. An kira wani malami ya karanta ayoyi, abin bai yi amfani ba, sai da aka yanka wa aljanin gidan baƙin bunsuru kana aka sami lafiya. Daga ƙarshe aka gano wai wata tsohuwa maƙwabciyarsu ce mayyar da ta haddasa kome. Yaron nan ya ce yana bukatar kuɗin domin makaranta, amma zuciyarsa ta ƙi kwanciya. Yana tambaya, shin ya karɓi aikin ko ya bari?

Ɗana, Allah Ya yi maka albarka da ka tambaya tun ba ka shiga ba, domin rigakafi ya fi magani. Ga waɗanda ba su san wannan sana'a ba, a ƙasashen Turawa ta daɗe. Akwai wani shiri mai suna Pseudopod da aka fara a 2006, da wani mai suna NoSleep da aka fara a 2011. Marubuta su aika da labari, a nemo masu murya dabam-dabam su karanta, a haɗa da ƙarar iska da kukan ƙyaure, mutum ya toshe kunnuwansa da abin saurare ya ji shi kaɗai cikin duhu. Da yawa daga labaran nan akan tsara su ne da bakin wanda abin ya faru a kansa, watau kamar shaida yake bayarwa.

Sai mu fara da asalin magana. Ƙagaggen labari, wanda mai faɗa da mai ji duk sun san ƙage ne, malamai da yawa ba su ɗauke shi ƙaryar da shari'a ta hana ba, domin ƙarya ita ce ka sa mutum ya gaskata abin da ba haka yake ba. Ibnul Muƙaffa ya juya littafin Kalila wa Dimna zuwa Larabci tun ƙarni na 2 na Hijira, dabbobi ne ke magana a cikinsa. Hariri, wanda ya rasu a shekara ta 516 ta Hijira, ya gina Muƙamominsa a kan wani Abu Zaidi wanda shi ya ƙaga shi, ga shi kuwa har yau ana karanta su a zaurukan malamanmu. Iyayenmu mata ma da suke yi mana tatsuniyar Dodo da Gizo, sukan buɗe da "ga ta nan, ga ta nanku", su rufe da "ƙurunƙus", domin yaro ya san inda wasa ya fara da inda ya ƙare. Saboda haka ba za mu ce da kai karanta ƙagaggen labari haramun ne a kan kansa ba. Hukuncinsa yana bin abin da ke cikinsa da abin da yake haifarwa.

Amma fa magabata ba su sakar wa masu ba da labari linzami ba. An ruwaito cewa Tamimud Dari sai da ya nemi izinin Sayyidina Umar kafin ya fara ba jama'a ƙissoshi a masallaci. Ibnul Jauzi, wanda ya rasu a 597 ta Hijira, littafi sukutum ya rubuta a kan masu ƙissa da masu wa'azi, yana rarrabe na kirki da na banza. Tun a Makka ma akwai Nadru ɗan Harisu, wanda ya koyo labaran jaruman Farisa, su Rustum da Isfandiyar, ya riƙa tara Ƙuraishawa yana ba su domin ya janye su daga sauraren Alƙur'ani. Malaman tafsiri da dama sun ce shi ake nufi da aya ta 6 ta Suratu Luƙmana. Ka ga ashe murya mai daɗi makami ce, ana kuwa tambayar mai makami inda ya sara.

To, bari mu ɗora labarin da aka ba ka a kan ma'auni.

Na farko, maganar matacciya mai komowa gida. Aya ta 99 da ta 100 na Suratul Muminuna sun nuna cewa wanda mutuwa ta zo masa yakan roƙi a mai da shi duniya, a ƙi, kuma akwai shamaki tsakaninsa da ita har ranar tashi. Babu fatalwa a aƙidar Musulmi. Larabawan Jahiliyya ma suna da irin tasu, suna cewa akwai wata halitta a daji mai suna gulu, mai rikiɗa tana batar da matafiya, sai Manzon Allah (S.A.W.) ya rushe wannan zato, kamar yadda ya zo a Sahihu Muslim daga Jabir.

Na biyu, wanda ya fi muni, shi ne nuna cewa ayoyin Allah sun kasa, yankan bunsuru ya yi magani. Aljannu gaskiya ne, wanda ya musanta samuwarsu ya musanta Alƙur'ani, domin sura guda, ta 72, da sunansu ake kiranta. Amma ita wannan sura, a aya ta 6, ta ba da labarin mazajen mutane da ke neman tsarin mazajen aljannu, sai abin ya ƙara musu wahala. Malaman tafsiri sun ce Balarabe idan dare ya riske shi a wani kwari, sai ya nemi tsarin shugaban aljannun kwarin, su kuwa da suka ga ana tsoronsu sai suka daɗa tsaurin ido. Dubi kuma aya ta 14 ta Suratu Saba'i. Annabi Sulaimanu ya rasu yana dogare da sandarsa, aljannu suna ta aikin wahala ba su sani ba, sai da gara ta ci sandar ya faɗi. Halittar da gara ta tona asirin jahilcinta, ita za a yanka wa dabba? Yanka domin wanin Allah shirka ne. Kai da ka kira jama'a salla da asuba, yaya za ka yi amfani da wannan maƙogwaro da dare ka koya musu cewa bunsuru ya fi Ayatul Kursiyyu?

Na uku, tsohuwar da aka mayar mayya. Kowa a cikinmu ya san abin da wannan zargi yake jawo wa tsofaffi marasa gata: a ƙaurace musu, a jefe su, wani lokaci har a kai ga rai. Labarin da zai ƙara wa wannan wuta makamashi ba wasa ba ne, ko da an kira shi wasa.

Kada wani ya ce ai kowa ya san ƙage ne. Ba kowa ba. A Amurka, a jihar Wiskonsin, cikin watan Mayu na 2014, wasu 'yan mata biyu masu shekara 12 suka yaudari ƙawarsu zuwa daji suka soke ta da wuƙa sau 19, wai domin su faranta ran wani dodo da aka ƙaga a intanet a 2009. Allah Ya yi da sauran kwananta, ta rayu. Wanda ya ƙagi dodon nan bai nufi haka ba, amma magana zarar bunu ce. Wayar da babba ke saurare da ita, ita ce ke kwana a hannun yaro.

Har ila yau akwai hadisin Abu Dawuda. Sahabbai suna cikin tafiya tare da Manzon Allah (S.A.W.), wani ya yi barci, wani ya ɗauke masa igiyarsa da wasa, ya farka a firgice. Nan take Manzon Allah ya bayyana cewa tsorata Musulmi bai halatta ba. Gaskiya ne, wanda ya kunna shirin da hannunsa shi ya nemi tsoron, ba daidai yake da wanda aka auka wa ba. Amma idan labarinka ya sa wani ya kasa fita alwala da asuba domin tsoron duhu, ka tabbata kana da kaso a cikin wannan.

Saboda haka ga amsarka, ɗana. Wannan labari, yadda yake a rubuce, kada ka karanta shi, kuma ladansa ba ya halatta gare ka, domin sharaɗin ijara a wurin malamanmu shi ne aikin da ake biya dominsa ya zama halal. Amma kada ka tsaya a ƙi kawai. Koma wurinsu da ladabi ka faɗa musu dalilinka. Ka ce za ka karanta musu wani, bisa sharaɗin a sanar a farkon shiri cewa ƙage ne kuma ba na yara ba ne, kada a sa ayar Alƙur'ani ko kiran salla su zama kayan firgitarwa, kada boka ko tsafi su yi rinjaye, kada a ambaci wani gari ko gida na gaske da sharri, kuma babu batsa. Ka karanta takardar tun daga farko har ƙarshe kafin ka sa hannu a kan kome, domin abin da aka naɗa ya shiga intanet ba ka da ikon janye shi, zai yi ta yawo kana raye, ya ci gaba kana kabari. Abin tsoro mai amfani bai ƙare ba: ga ƙarshen azzalumi, ga maciyin amanar maraya da alhaki ke bi. Idan sun yarda, ka yi aikinka ka kyautata shi. Idan sun ƙi, ka bar musu, wanda Ya ba ka muryar bai manta da kuɗin makarantarka ba.

Ku kuma iyaye, ku san abin da ke shiga kunnen 'ya'yanku bayan an kashe fitila. Ku koya musu Ayatul Kursiyyu da Ƙulhuwallahu da Falaƙi da Nasi lokacin kwanciya, kamar yadda ya tabbata a Sahihul Buhari. Yaron da ya san Ubangijinsa na tsaronsa ba ya gudun inuwar bishiya.

Allah ne Mafi sani. Allah Ya tsare harsunanmu da kunnuwanmu, Ya cika zukatanmu da tsoronSa Shi kaɗai, Ya sa mu cika da imani, amin. Sai mako mai zuwa idan Allah Ya kai mu. Wassalamu alaikum wa rahmatullah.