Alhakin Ɗan Kallo a Filin Hoki

Duk wanda ya shiga filin wasan hoki na ƙanƙara a karon farko, a Toronto ko Montreal ko Boston, sauri ne zai fara ɗauke masa hankali. Mutum shida a kowane ɓangare, har da mai tsaron gida, suna sulɓi a kan takalma masu kaifin ƙarfe, suna korar ɗan faifan baƙar roba da sanduna, zango uku na minti 20 kowanne. Sai dai a wasu ranaku wasa kan tsaya cak. 'Yan wasa biyu su yar da sanduna, su tuɓe safar hannu, kowa ya cakumi rigar abokin karawarsa da hannu ɗaya yana kai masa naushi a fuska da ɗayan. Alƙalai su ja gefe su jira, dubban mutane su miƙe da ihu. A gasar NHL ta Amurka da Kanada, hukuncin wannan faɗa yawanci zaman minti 5 ne a wajen fili, sannan mutum ya dawo. To, baƙon da ya miƙe ya taya jama'a ihu, yana da kaso a cikin alhakin abin da ke faruwa? A ganina yana da shi.

Dalili na farko shi ne cutarwar ta gaske ce. Don Sanderson, matashi mai shekara 21, ya faɗi ana cikin faɗa a wani wasa a Ontario bayan hular kwanonsa ta fita, kansa ya bugi ƙanƙara, ya rasu a Janairun 2009 bai farfaɗo ba. Derek Boogaard, wanda ya buga wa Minnesota da New York Rangers, kuma faɗa ne ya yi masa suna, ya rasu a 2011 yana da shekara 28 sakamakon haɗa giya da maganin kashe zafin ciwo. Da masu bincike na Jami'ar Boston suka duba ƙwaƙwalwarsa, sun tarar da cutar CTE, wadda ake dangantawa da yawan bugu a kai. Sun sami irinta a ƙwaƙwalwar Bob Probert, wani sanannen mai faɗa da ya rasu a 2010. Ƙungiyoyi sun daɗe suna ɗaukar irin waɗannan ƙarti aiki, kuma kuɗin tikiti da tafin 'yan kallo na daga cikin abin da ya raya sana'ar.

Addini bai ƙi wasa ba, bai kuma ƙi gwajin ƙarfi ba. An ruwaito cewa Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya yi kokawa da Rukana ya kayar da shi. Amma ya tabbata a hadisai ingantattu cewa ya hana dukan fuska, ko da a faɗa ne. Jiki amana ne a hannun mai shi, don haka ba shi da ikon sayar da lafiyar kansa domin wasu su nishaɗantu. Wannan ce amsa ga masu cewa ai da yardar su biyun aka yi. Yarda kan ɗauke laifin zalunci a wasu lamura, amma ba ta mayar da ɓarna alheri. Balle ma yardar wanda ya san cewa ranar da ya ƙi faɗa za a iya sallamarsa, akwai tilas a cikinta.

Masu kare al'adar suna da hujja mai ɗan nauyi. Suna cewa faɗa yana tsare wasan, domin wanda ya san zai sha naushi ba zai kai wa gwanin 'yan wasa mugun sara da sanda ba. Amma a gasar Olamfik da wasannin jami'o'in Amurka korar mai faɗa ake yi daga wasa, kuma hokin da ake bugawa a can bai rasa armashi ba. A 2023 babbar gasar matasa ta Quebec ta haramta faɗa, aka ci gaba da wasa. Hukunta mai laifi aikin alƙali ne. Idan kuwa wani ya ce mu ma muna da dambe, gaskiya ya faɗa, kuma tambayar nan tana hawa kan mai kallon dambe kamar yadda ta hau kan mai kallon hoki.

Sauran hujjar ita ce ta mai cewa shi mutum ɗaya ne cikin dubbai, ihunsa bai ƙara komai ba. Ai taron nan mutum ɗaiɗai ne suka haɗa shi, kuma da ma an ce ɓera da sata, daddawa da wari. Bayan haka, kallo yana taɓa zuciyar mai yin sa. Malamin Kirista Augustine ya ba da labarin abokinsa Alypius, wanda aka ja shi dole zuwa dandalin faɗan takobi a Rum. Ya rufe ido don kada ya gani, amma da ihun taro ya tashi sai ya buɗe, daga nan ya kamu da son abin har ya riƙa jan wasu. Zuciya tana sabawa da abin da aka yawaita nuna mata, kuma ranar farko ce mafi haɗari, domin a ranar mutum ke koyon abin da ake tafa wa.

Ba cewa nake yi a ƙaurace wa hoki ba. Wasa ne na gwaninta da juriya da haɗin kai, har ma yana da kyakkyawar al'adar nan ta 'yan wasa su jeru su gaisa hannu da hannu bayan an kammala karawar fitar da gwani. Mai karatu, idan Allah ya kai ka irin wannan fili, ka tafa wa gwaninta iyakar ƙarfinka. Amma in an tuɓe safar hannu, ka zauna a kujerarka ka kame bakinka, domin ido da harshe ma za a tambaye su.