Shin Wasa Yana Gyara Hali?

Godiya ta tabbata ga Allah Maɗaukakin Sarki. Tsira da aminci su tabbata ga Annabi Muhammadu, da alayensa da sahabbansa.

Bayan haka, ya ƴan'uwa Musulmi, ana yawan faɗin cewa wasannin motsa jiki suna haɗa kan al'umma, suna gyara halin matasa. Ya kamata mu auna wannan magana, domin ta shafe mu. Tun da aka gano zinariya a Cibarakaten a 2014, samari suke kwararowa daga jihohin Nijar da maƙwabta, harsuna daban-daban, nesa da idon iyaye. Rufe kamfanin COMINAK na Akokan a 2021 kuma ya ƙara yawan marasa aiki a Arlit.

A 2020 mujallar Science ta buga wani bincike da wata masaniya daga Jami'ar Stanford ta Amurka ta yi a arewacin Iraƙi. An sa Musulmi cikin ƙungiyoyin ƙwallon ƙafa na Kirista. Bayan wata shida, Kiristocin da suka buga tare da Musulmi sun fi sauran yarda su ci gaba da atisaye da su. Amma a wajen fili, mu'amalarsu da Musulmin da ba su sani ba ba ta sāke sosai ba.

Abin lura a nan shi ne, fili yana ƙulla zumunci, amma ba shi ne ke raka mutum gida da kasuwa ba. Wannan aikin tarbiyya ne.

Musulunci bai ƙyamaci wasa ba. Ya zo a hadisi cewa Manzon Allah (SAW) ya yi tsere da Nana A'isha (RA), an kuma ruwaito ya kada Rukana a kokowa. Amma a hadisin Buhari da Muslim ya nuna cewa ƙarfi na gaskiya yana ga mai mallakar ransa lokacin fushi. Gasar takobi ta ƙasa, wadda aka fara a Tawa a 1975 kuma Agadas ta karɓi baƙuncinta a 2023, tana koyar da haka in an lura: wanda aka kada ya tashi ya rungumi wanda ya kada shi.

Saboda haka muna kira ga limamai da masu ramukan zinariya su taimaka wa matasa da fili da ƙwallo, su kuma tsaya a kansu: a tsayar da wasa in an kira salla, a suturta al'aura, a nisanci caca da ƙwaya da tsafi. Wanda ya daina ha'inci a fili, a tuna masa kada ya yi shi wajen awon zinariya ko rabon haƙƙin abokan aiki.

Allah Ya shiryi zuri'armu, Ya ba ƙasarmu zaman lafiya. Amin.