GUMIN MAKAƊI, A WUYAN WA YAKE?

Muna roƙon ku ba mu aron kunnuwanku a kan wata magana wadda ba a saba kawo ta a wannan shafi ba. Abin da ya jawo ta kuwa wani al'amari ne da ya auku a unguwarmu a kakar da ta wuce, lokacin da hatsi ya shiga rumbu, bukukuwa suka yawaita.

Wani dattijo daga cikinmu, wanda ba a rasa shi a sahun farko, ya aurar da ɗiyarsa. Da saninsa mutanen gidansa suka kira waɗansu samari biyar masu kiɗan gita, aka yi ciniki a kan jika 40, aka ba su jika 10 kafin alƙalami. Samarin suka yi hayar lasifika da injin wuta, suka biya mai kurar da ya ɗauko kayan, suka yi wasa tun bayan la'asar har dare ya raba. Washegari da suka zo karɓar cikon kuɗinsu, sai dattijon ya ce ya yi tambaya, an gaya masa kuɗin kiɗa haramun ne, saboda haka ba zai ƙara sa hannunsa cikin saɓo ba. Bayan magariba babban samarin ya zo ƙofar masallaci, ya tsuguna gaban liman, ya ce: "Allah gafarta Malam, ni ban zo gardama a kan kiɗa ba. Mai lasifika yana bi na jika 12. Shi ma in ce masa haramun ne?" Mutane suka yi dariya, amma liman bai yi ba. Mu ma da muka koma gida muka juya maganar, sai muka ga babu abin dariya a cikinta.

Ba mu zo yanke hukuncin kiɗa ba, domin wannan kogi ne da manyan malamai suka shiga, kowa ya fita ta mashigarsa. Mai Risala, Ibn Abi Zaidin na Ƙairawan, wanda yaranmu ke karantawa a zaure, ya hana sauraren kayan kiɗa da gangan, ya keɓe bandiri a wurin ɗaurin aure, ya kuma ambaci saɓanin da aka yi a kan babbar ganga. Imamu Gazali ya ware babi sukutum a cikin Ihya'u a kan saurare, ya halatta shi bisa sharuɗɗa. Ibn Hazmin na Andalus bai yarda da ingancin hadisan hanin ba. Kowane ɗayanmu yana da malamin da yake bi, kuma ba mu nemi kowa ya bar nasa ba. Tambayarmu ita ce: mutumin da yake ƙyamar wata sana'a, amma ya kira mai ita ya yi masa aiki, ya more aikin, shin ƙyamar tana sauke masa nauyin biya?

Kafin mu amsa, ya kamata mu san yadda makaɗi yake cin abinci a ƙasarmu, da yadda hanyar ta canza. A da, makaɗi yana da ubangida. Ma'azu Ɗan Alalo yana da fadar Damagaram, Narambaɗa yana da Sarkin Gobir na Isa. Waɗanda ba na fada ba su ma kowa da mutanensa: mai kalangu da mahauta, mai dundufa da maƙera, mai gangar noma da manoma, wani kuma da ƴan kokowa. Doki ne, riga ce, damen gero ne, ko tsokar nama, makaɗi ya san inda rabonsa yake. Ba mu ce wancan tsari ba shi da aibi ba, domin ya raina makaɗi, har ya zama gidaje da yawa ba su ba shi aure. Amma duk rainin da ke ciki, babu basaraken da zai yarda a ce makaɗinsa ya kwana da yunwa, don abin kunyar nasa ne.

Daga baya hukuma ta ɗauki wani sashe na nauyin ubangida. A zamanin Seyni Kunce an raya Samariya, kowace jaha tana fitar da mawaƙanta. A 1987 aka fara gasar Ɗan Gurmu, da sunan shahararren makaɗin nan na Tawa, daga baya kuma aka buɗe cibiyar koyar da kiɗa mai sunan Alhaji Taya a Yamai, inda ƙungiyar Mamar Kassey ta taso a 1995. Sai dai gasa takan zo ta wuce, cibiya kuma ba ta ɗaukar kowa. Kaset ya zo, wanda ya fi cin ribarsa shi ne mai rumfa a kasuwa da na'urarsa mai baki biyu, ya sayi guda ya juye ɗari. Kaset ya mutu, faifai ya biyo shi, sannan ɗan katin nan da ake sa wa salula, yau kuma WhatsApp da YouTube. A kowane zango waƙa tana ƙara nisan tafiya, kuɗin da ke komawa ga mai ita yana raguwa. Yaron da ya ɗauki gita yau a Maraɗi ko Konni ba shi da fada, ba shi da kamfanin da ya sa hannu da shi. Abin da yake da shi kawai shi ne biki da suna, da taron siyasa idan zaɓe ya ƙarato. Ranar biki ita ce kasuwarsa, ita ce gonarsa. Wanda ya hana shi kuɗin wannan rana, abincin wata ya hana shi.

Akwai labarin da ya nuna wannan a fili, kuma na ɗan ƙasarmu ne. Mdou Moctar, ɗan Abzinawan jahar Tawa, ya tsallaka Sakkwato a 2008 ya ɗauki waƙoƙinsa na farko, waɗanda aka tara da sunan Anar. A lokacin ba wani kamfani da ya fitar da su kasuwa. Daga salula zuwa salula suka bazu har cikin Mali, ana jin su a tasha da cikin manyan motoci, da yawa daga masu saurare ba su ma san sunan mai muryar ba. Sai da wani Ba'amurke mai suna Christopher Kirkley ya tsinci ɗaya daga ciki a katunan salula a arewacin Mali, ya sa ta cikin wani faifai da kamfaninsa Sahel Sounds ya fitar a 2011, ya kuma yi ta cigiya har ya gano mai ita. Daga nan ƙofa ta buɗe, har kamfanin Matador na Amurka ya fitar da faifansa Afrique Victime a 2021. Mutane sukan ba da wannan labari don su nuna cewa juye waƙa alheri ne ga mawaƙi. Mu abin da ya tsaya mana a rai daban ne: dubban mutane sun riƙe waƙar nan a aljihunsu shekara da shekaru, mu da muka taso da jin hadisin da ya yi umurni da gaggauta biyan ma'aikaci ladansa, amma wanda ya tashi neman mai ita don ya ba shi rabonsa baƙo ne daga ƙetaren teku. Kuma in an sami ɗaya da aka yi cigiyarsa, nawa ne ba a yi ba?

To, mu koma ga hujjar dattijonmu, domin ba hujjar banza ba ce. A fiƙihu, ijara ba ta ƙulluwa a kan amfanin da shari'a ta hana. Idan har kiɗan nan haramun ne, cinikin ɓatacce ne tun asali, alƙali ba zai tilasta biya ba. Wannan haka yake a littafi. Amma ɓataccen ciniki mutum biyu suke ƙulla shi, kuma wanda ya aika aka kira bai fi wanda ya amsa kira tsarki ba. Sa'an nan a dubi lokacin da tsoron Allah ya zo masa. Bai zo ba sa'ad da ake ciniki, bai zo ba sa'ad da baƙinsa ke yaba bikin, sai da aka miƙo hannu. Tuba wadda ba ta ci wa mai yin ta ko dala ba, sai ma ta bar masa jika 30 a aljihu, wani kuma ya kwana da bashi, ya kamata mai ita ya tuhumi zuciyarsa. Ibn Taimiyya da almajirinsa Ibnul Ƙayyim, waɗanda ba masu sassauci ba ne a kan kiɗa, sun tattauna kuɗin da aka riga aka biya a kan haramtaccen amfani, suka ce ba a mayar wa wanda ya biya, don kada a haɗa masa biyu, ya sami abin da ya nema kuma kuɗinsa su dawo. Idan waɗanda suka fi kowa tsanantawa ba su yarda mutum ya haɗa biyu ba, da wace mazhaba dattijonmu zai fake? A ganinmu, mai ganin halaccin kiɗan biki, biya ya wajaba a kansa kai tsaye. Mai ganin haramcinsa kuwa, hanyarsa ita ce kada ya kira tun farko. In ya riga ya kira, kuɗin nan dai ba su da wurin zama a aljihunsa, kuma mafi ƙarancin abin da ke wuyansa shi ne hasarar da ya jawo wa yaran: hayar lasifika, da man inji, da ladan mai kura, waɗanda babu malamin da ya ce haramun ne.

Maganar juye waƙa ta fi wannan wuya, kuma ba za mu ɓoye ba, mu kanmu ba bakinmu ɗaya a kanta ba. Wani ya ce ɓarawo yakan raba ka da abinka, shi kuwa mai juyewa ya bar maka naka ya tafi da irinsa, kamar mai ɗiban wuta a murhun maƙwabci. Kwatancin yana da daɗin ji, amma maƙwabcin nan ba da wutar yake ciyar da iyalinsa ba. Majalisar Fiƙihu ta ƙasashen Musulmi, a zamanta na Kuwait a 1988, ta tabbatar da cewa haƙƙin wallafa da na ƙirƙira dukiya ne da shari'a ke karewa. Ƙasarmu ma ta yi doka a kan haƙƙin mawallafa a 1993, ta kafa ofishin kula da shi, wato BNDA, a 1995. Mun sani malamin da ya haramta kiɗa zai ce wancan hukunci bai shafi abin da ba dukiya ba ne a shari'a. To, amma hannun da ya saba juyewa ba ya tambayar fatawa. Mai rumfar da ke cika kati da waƙoƙin gita shi ne ke cika shi da waƙoƙin begen Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, da karatun alarammomi, kuma ɗan'uwansa ne ke sake buga littafin malami ba izini, malamin yana fama da kuɗin magani. Abin da ya fi kusa da gaskiya a wurinmu shi ne a raba biyu. Yaron da ya saki waƙarsa da kansa don a san shi a kira shi biki, ya ba da izini, babu laifi ga wanda ya tura wa abokinsa. Wanda kuwa ya kafa rumfa yana karɓar kuɗi a kan muryar wani, ko ya ɗora ta a intanet da sunansa yana cin ribar masu kallo, wannan ciniki yake yi da abin da bai mallaka ba.

Kada samarin su ji wannan su ɗauka mun wanke su. Akwai haƙƙin da ke wuyansu su ma. Lasifikar da ke ruri har asuba a unguwar da akwai mara lafiya da jariri da ɗan lakwal mai jarrabawa, zalunci ce ko da abin da ke fita cikinta wa'azi ne. Akwai kuma tsohuwar cutar roƙo, wato zambo, inda mutum ke ba da kuɗi don tsoron bakin mawaƙi. An ruwaito cewa Sayyadina Umar ya ɗaure mawaƙin nan Huɗai'a saboda zambon da ya yi wa Zibriƙanu ɗan Badar, da ya sake shi kuma ya ba shi dirhami 3000 a kan ya kame bakinsa daga mutuncin Musulmi. Kuɗin da aka karɓa da barazanar zambo ba lada ba ne, fansa ce, kuma mai karɓa ya san bambancin. Haka nan wanda ya wasa azzalumi don an liƙa masa, ya kira shi adali a gaban mutanen da ya cuta, shaidar zur ya yi da kiɗa.

Liman bai yi doguwar magana a daren nan ba. Ya sallami yaron, ya ce ya dawo jibi. Da aka idar da sallar asuba ya riƙe hannun dattijon suka zaga bayan masallaci su biyu, ba wanda ya ji abin da suka ce. Da rana aka aiko wa yaran da jika 18, aka ce na lasifika da mai da kura ne. Sauran jika 12 kuwa, mun ji an ce dattijon ya zuba su a asusun gyaran rufin masallaci, wai ya fitar da su daga hannunsa. Tun ranar muke gardama a tsakaninmu. Waɗansu sun ce ya bi maganar malamai, waɗansu sun ce yaran nan matalauta ne, in sadaka ce ma su suka fi cancanta da ita. Ma'ajin masallaci dai ya ƙulle kuɗin a leda daban, ya ce ba zai sayi kwano ko ɗaya da su ba sai an kai maganar gaban malamai a zaman wata mai zuwa.