TSAKANIN GWANDU DA ARGUNGU: DA WANE MUDU ZA MU AUNA MAGABATA?

Bismillahir Rahmanir Rahim. Godiya ta tabbata ga Allah, tsira da aminci su tabbata ga Annabinmu Muhammadu da alayensa da sahabbansa baki ɗaya.



Daren Laraba, bayan mun tashi daga karatun da muke yi tsakanin Magariba da Isha'i, na fito na tarar da ɗalibaina biyu a ƙofar masallaci, murya ta tashi har jama'a sun fara taruwa. Ɗaya yana cewa Sarkin Kabi Sama'ila maci amanar Musulunci ne, shi ya shimfiɗa wa Nasara tabarma, bai cancanci a ambace shi da girma ba. Ɗayan ya zaro waya yana nuna wani rubutu da ke yawo a Facebook, wai Malam Abdullahi na Gwandu ɗan mamaya ne da ya ƙone garin kakanninsu, a cire sunansa daga makarantu. Abin da ya fi tayar mini da hankali, waɗannan matasa sahu ɗaya suke tsayawa, kuma ƙanwar ɗayan tana aure gidan ɗayan. Da na raba su sai suka ce, "To Malam, kai ka faɗa mana, wane ne mai gaskiya?" Na ce su ba ni kwana biyu. Ga amsar, na sa ta nan don wasu ma su amfana.

Mu mutanen Ambursa ba mu da damar ɗaukar wannan magana da wasa. Garinmu yana kan hanya tsakanin Birnin Kebbi da Argungu, kuma a zamanin yaƙi nan bakin iyaka ne. Wanda ya binciki asalinsa da kyau, da wuya bai sami jini daga ɓangarorin biyu ba.

Bari mu fara da abin da ya faru. A 1805 rundunar jihadi ƙarƙashin Malam Abdullahi ɗan Fodiyo ta ci Birnin Kebbi, Sarkin Kabi Muhammadu Hodi ya fice. Kabawa ba su miƙa wuya ba. Aka kashe Hodi, daga baya aka kashe Karari a 1831, aka tafi da ɗansa Yakubu Nabame Sakkwato. A 1849 Nabame ya yi tawaye, ya tsaya a Argungu, yaƙi ya dawo sabo. An sami 'yar sararawa a zamanin sulhun da ake kira Lafiyar Toga, sannan wuta ta sake kamawa. Sama'ila ya hau sarauta a 1883, ya addabi garuruwan Gwandu da Sakkwato da hare-hare, ya kuma kora rundunar Sarkin Musulmi Abdurrahman da ta zo wa Argungu. Da Turawa suka iso, ya karɓe su, suka yi sansani a Argungu, kuma daga can wata rundunarsu ta tashi ta haɗu da wadda ta fito daga Kano, aka ci Sakkwato a watan Maris 1903. Kusan shekara ɗari ke nan ana zubar da jini a wannan fadama da muke noman shinkafa a yau. An ƙone garuruwa ta nan, an ƙone ta can. An kama mata da yara an sayar, ta nan da ta can. Wanda ya ce ɓangarensa bai taɓa yi ba, ko dai bai karanta ba, ko yana ɓoyewa.

Wannan rigima ta auna mutanen da, ba mu kaɗai ke yin ta ba. A 2015 ɗalibai a Jami'ar Cape Town ta Afirka ta Kudu sun sa an sauke mutum-mutumin Cecil Rhodes, ɗan mulkin mallaka. A 2020 a garin Bristol na Ingila jama'a suka tumɓuke gunkin Edward Colston, wanda ya yi dukiya da cinikin bayi, suka jefa shi ruwa. Can masu muhawara sun kasu biyu. Wasu na cewa a auna su da ma'aunin yau. Wasu na cewa a'a, zamaninsu ne haka, a ƙyale su. Matasanmu sun kwaso waɗannan maganganu biyu sun kawo gida. Mu alhamdu lillahi addini ya raba mu da sassaƙa gumakan mutane, amma muna da sunayen makarantu da tituna, da gidan tarihi na Kanta a Argungu, da filin jirgin saman nan na bakin garinmu mai sunan Sardauna, da sunayen da muke raɗa wa 'ya'yanmu. Don haka tambayar ta shafe mu.

Ni dai duka ma'aunan nan biyu ban yarda da su ba. Ma'aunin zamani ba ya zama wuri ɗaya. Abin da ake tafa wa a yau, jikokinmu na iya tsine masa gobe, kuma cikin abin da zamani ke kira ci gaba akwai wanda Allah Ya haramta ƙarara. Shi kuma "zamaninsu ne haka", in ka buɗe wannan ƙofa, Fir'auna ma zai shigo ta cikinta. Musulmi yana da ma'aunin da ya girmi zamaninmu ya girmi nasu, wato abin da Allah Ya saukar. Kuma su kansu mutanen nan da shi suka ce a auna su.

Ku duba Malam Abdullahi, Allah Ya jiƙansa. Tun kafin a haifi kakan kakan wanda ya yi wancan rubutu na Facebook, shi ya fara sukar rundunar da yake jagoranta. A littafinsa Tazyinul Waraƙat ya koka kan yadda niyyar mutane da yawa ta juya zuwa neman mulki da dukiya da ƙwaraƙwarai da tufafin ado. A shekarar da aka ci Birnin Kebbi, kafin yaƙin Alwasa inda jama'ar Shehu suka sha mummunan kashi, mayaƙa sun afka wa mutanen da ke cikin amana suka washe su, shugabanni suna hanawa ba a saurare su ba. Abin ya ci gaba da damunsa har ya bar jama'a ya nufi gabas da niyyar tafiya Makka. Mutanen Kano suka tsayar da shi, a can ya rubuta musu Liya'ul Hukkam kan yadda ake mulki da shari'a, sannan ya dawo. Shehu Usmanu kansa ya rubuta cewa haramun ne bautar da ɗa Musulmi. Sarkin Musulmi Abdurrahman kuwa, mutanen zamaninsa ne suka laƙaba masa Ɗanyen Kasko saboda tsananinsa, ba 'yan boko ba. To kun ga, idan na ce an yi zalunci a cikin waɗancan yaƙe-yaƙe, ban ari bakin Bature ba. Maganar Malam Abdullahi na maimaita.

Amma faɗin kuskure daban, rushe mutum daban. A nan sunnar Manzon Allah (SAW) ta yanke mana hukunci. Bayan buɗe Makka, a shekara ta 8 bayan hijira, ya aiki Khalid bin Walid (RA) zuwa ga Banu Jazima. Mutanen suka so su ce sun musulunta, ba su iya faɗin kalmar yadda aka saba ba, Khalid ya fahimce su a karkace, aka kashe wasu daga cikinsu. Abdullahi bin Umar (RA) yana cikin rundunar, ya ƙi kashe wanda ke hannunsa. Da labari ya iso, Annabi (SAW) ya ɗaga hannuwansa ya barranta zuwa ga Allah daga abin da Khalid ya aikata, har sau biyu, kamar yadda ya zo a Bukhari. Malaman sira suka ce ya aiki Aliyu (RA) ya biya diyya. Bai rufe maganar don kare sunan kwamandansa ba. Kuma bai ƙwace masa laƙabin Takobin Allah ba, ya ci gaba da ba shi jagorancin runduna. Na san darajar sahabbai ba ta haɗuwa da ta kowa, ba ina kwatanta wani sarki da Khalid ba ne. Hanyar nake nuna muku: a kira aikin da sunansa, a biya wanda aka zalunta haƙƙinsa, a bar wa mutum alherin da ya tabbata gare shi.

Haka malamanmu na tarihi suka bi. Imamuz Zahabi da ya zo kan Hajjaju bin Yusuf a Siyaru A'alamin Nubala, ya zayyana zaluncinsa da jinin da ya zubar, ya bayyana cewa yana ƙinsa saboda Allah, duk da haka ya ambaci cewa yana da wasu kyawawan ayyuka da suka nutse cikin zunubansa, ya bar makomarsa ga Allah. Wannan Hajjaju ke nan fa. To ina ga waɗanda alherinsu ya rinjaya nesa ba kusa ba?

Yanzu mu dawo gida. Wanda ya san kasuwar shinkafa ya san irin ɗan kasuwar da ke da mudu biyu, babba na saye, ƙarami na sayarwa. Allah Ya saukar da sura guda, Muɗaffifin, ta buɗe da narko a kan irinsa. Wallahi mafi yawan abin da nake gani a intanet kan tarihinmu mudu biyu ne. Idan kakanka ya ƙone gari, jarumtaka ce. Idan kakan wani ya ƙone, ta'addanci ne. A Suratul Ma'ida aya ta 8 Allah Ya hana ƙiyayyar wasu mutane ta kai mu ga barin adalci. A Suratun Nisa'i aya ta 135 Ya umarce mu da tsayuwa kan gaskiya ko da a kan kanmu ne ko iyayenmu. Ayoyin nan biyu sun toshe ƙofa ta gaba da ta baya.

Da mudu ɗaya, ga abin da nake gani. Malam Abdullahi malami ne da ƙasar nan ba ta cika haifar irinsa ba. Tafsirinsa Liya'ut Ta'awil har yau ana karanta shi a zaurukanmu, kuma duk mai karatun addini a wannan yanki, Bakabe ne ko Bafulatani ko Bazabarme, ya sha daga rijiyarsa ko ya sani ko bai sani ba. Girmama shi haƙƙi ne a kanmu. Wannan bai sa duk abin da aka yi da sunan jihadi, a zamaninsa ko bayansa, ya zama daidai ba, kuma Bakaben da ya ce kakanninsa sun sha wuya bai yi ridda ba. Sama'ila kuma ya tsare mutanensa daga kamu da bauta shekaru masu yawa, shi ya sa Argungu ba ta manta shi. Ƙone garuruwan Musulmi da ya yi, da hannun da ya ba Turawa, ba zan kira su daidai ba don in faranta wa kowa. Amma wanda zai jefe shi da maganar Turawa ya tuna cewa bayan 1903 sarakunan ƙasar nan kusan duka sun yi aiki ƙarƙashin Turawan nan, har da na gidajen da yake ƙauna. Kafirta shi ko yanke masa wuta, wannan ba aikina ba ne, ba kuma naka ba. Suratul Baƙara ta faɗa sau biyu, aya ta 134 da ta 141, cewa al'ummar da ta shuɗe tana da abin da ta aikata, mu ma muna da namu, kuma ba za a tambaye mu aikinsu ba.

Sai maganar sunaye. Sa sunan mutum a makaranta shaida ce kan wani alheri sananne da ya yi, ba shaidar cewa ma'asumi ne ba. Babu ma'asumi bayan annabawa. Wanda aka san shi da zalunci tsagwaro, bai kamata a ɗaukaka sunansa ba, ko ɗan gidan wane ne. Wanda alherinsa ya rinjaya, a bar sunansa, a kuma koya wa yaran makarantar tarihinsa cikakke, daɗi da ɗaci. Yaron da aka gaya wa cewa gwaninsa bai taɓa kuskure ba, ranar da ya ci karo da gaskiya a waya, zai watsar da gwanin, wani lokaci har da addinin da gwanin ya koyar. Na ga irin haka da idona, kuma laifin namu ne da muka ɓoye.

Akwai kuma haƙƙin masu rai. Annabi (SAW) ya hana zagin matattu domin sun riga sun isa ga abin da suka gabatar, a wata ruwaya ta Tirmizi ya nuna cewa zaginsu yana cutar da rayayyu. Malamin tarihi da ke bincike da hujja yana kan aikinsa, Allah Ya ba shi lada. Amma wanda ya zauna ya zagi kakan maƙwabcinsa don a danna masa alamar so, ba tarihi yake yi ba, tsohon miki yake famawa. A 1934 Sarkin Musulmi Hassan ɗan Mu'azu ya taka har Argungu, Sarkin Kabi Muhammadu Sama ya tarbe shi, aka yi masa kamun kifi na girmamawa, daga nan bikin da duniya ta san Argungu da shi ya samo asali. Waɗannan mutane iyayensu ne suka gwabza, wasu cikin masu kallo ma sun ga yaƙin da idonsu, suka yarda su binne gaba. Sai mu da ko ƙarar kibiya ba mu taɓa ji ba za mu tono ta?

Ga ɗalibaina biyu: kowannenku ya riƙe wani yanki na gaskiya ya jefar da sauran. Ku je ku nemi gafarar juna kafin Juma'a. Kai mai son Malam Abdullahi, ka zo mu karanta Tazyinul Waraƙat ka ji yadda ya yi kuka da nasa mutanen. Kai kuma mai kishin Kabi, ka zo mu buɗe tafsirinsa ka ga abin da kake son a goge. Sannan dukanmu mu tambayi kanmu abin da za a ce game da mu bayan shekara ɗari: yaran da muka sake suna bara a tasha, gonar marayun da aka cinye, ƙuri'ar da aka sayar da sabulu. Waɗannan kam za a tambaye mu.

Allah Ya gafarta mana, Ya gafarta wa 'yan'uwanmu da suka riga mu imani, na Gwandu da na Argungu, kada Ya bar ƙulli a zukatanmu game da su. Wanda aka zalunta cikinsu, Allah Ya saka masa. Ya zaunar da jiharmu da ƙasarmu lafiya. Abin da na faɗa daidai daga Allah ne, kuskure daga gare ni ne, kuma ina maraba da gyara daga wanda ya fi ni sani.

Wassalamu alaikum wa rahmatullah.