Amanar Wanda Aka Rufe Wa Ƙofa

Godiya ta tabbata ga Allah, tsira da aminci su tabbata ga Manzonsa. Bayan haka, hare-haren 'yan bindiga sun bar marayu da yawa a ƙasashen Ƙanƙara da Faskari da Sabuwa, kuma sau da yawa dangi kan rasa halin riƙe su, sai su miƙa su ga gidan marayu ko gidan wani malami. To, lalle ya kamata a san hukuncin wannan riƙo.

Malaman Malikiyya, kamar yadda ya zo a Muhtasar na Shaihu Halilu, sun gindaya wa mai reno sharuɗɗa. Daga ciki akwai hankali, da iya ɗawainiya, da amana, da tsaron wuri, da kuɓuta daga cuta mai yaɗuwa. Idan shari'a ta nemi wannan daga kakar yaro ko gwaggonsa, ina ga bare wanda ya tara 'ya'yan mutane a bayan katanga?

Abin da sakaci ke jawowa ba ɓoyayye ba ne. A watan Satumba na 2019 'yan sanda suka fito da mutane fiye da 300 daga wani gidan mari a Rigasa ta Kaduna. A watan Oktoba kuma aka fito da 67 a Daura, waɗansu da mari a ƙafa, jikinsu duk tabon bulala. Galibinsu kuwa danginsu ne suka kai su da niyyar gyara, suka juya baya.

Buhari da Muslim sun ruwaito labarin matar da ta shiga wuta saboda kyanwar da ta kulle, ba ta ciyar da ita ba, ba ta kuwa sake ta ba. Wannan hakkin dabba ke nan, balle na ɗan Adam.

Saboda haka miƙa yaro ba ya sauke nauyi daga wuyan waliyyi. Wajibi ne ya riƙa ziyara ba tare da sanarwa ba, ya ga makwanci da tukunya da makewayi, ya tambayi wanda ke kai mara lafiya asibiti, ya keɓe da yaron ya duba bayansa. Gidan da aka hana dangi shiga, a fitar da yaro daga cikinsa, a sanar da hakimi da hukuma.

Allah Ya jiɓinci al'amarin marayu, amin.