Tuwon da Ba a Ci Ba, Na Wane Ne?

Akwai tambayar da ya kamata mai azumi ya yi wa kansa da la'asar, sa'ad da ciki ya fara ƙugi: abincin da ban ci yau ba, ina ya tafi? In yana nan cikin tukunya yana jiran dare, har da ƙarin nama, to, lokacin cin abinci kawai aka matsar.

Azumi ba na Kirista kaɗai ba ne. Maƙwabtanmu Musulmi suna kame baki daga fitowar alfijir zuwa faɗuwar rana, wata guda cur, ko ruwa ba sa sha. Yahudawa har yau suna kiyaye Ranar Kafara, wadda Littafin Firistoci sura 16 ya kafa, suna yin kusan sa'o'i 25 ba ci ba sha. 'Yan'uwanmu na Ikkilisiyar Habasha suna yin kwana 55 kafin Ista ba nama, ba madara, ba ƙwai, ban da azumin Laraba da Jumma'a a yawancin makonnin shekara. A Indiya, Hindu da yawa suna azumi sau biyu a wata, a rana ta 11 bayan tsayuwar wata da ta 11 bayan cikarsa. Masu zaman zuhudu na addinin Buda kuwa, a ƙasashe irin su Tailan, ba sa cin abinci in rana ta wuce tsaka.

Ba ina cewa ma'anar duka ɗaya ce ba. Wani yana neman lada, wani tsarkin jiki, wani kuɓuta daga sha'awa. Mu kuwa mun gaskata cewa gafara ta riga ta samu a kan gicciye, ba a sayenta da yunwa. Amma abin lura ne yadda al'ummai da ba su san juna ba suka gano abu guda: ciki mugun sarki ne, wanda bai taɓa ce masa a'a ba kuwa bai san iyakar mulkinsa ba. Ka bar kalaci sau biyu, ka ga fushin da ke kwance a zuciyarka ya miƙe tsaye. Ba yunwa ce ta kawo shi ba, ƙoshi ne ya daɗe yana rufe shi.

Sai dai horon kai bai isa ba, gama mutum yana iya cin nasara a kan cikinsa, girman kai ya ci nasara a kansa. Bafarisiyen da ke cikin Luka sura 18 yana azumi sau biyu a mako, amma mai karɓar haraji ne ya koma gida baratacce. A Ishaya sura 58 mutane sun yi gunaguni cewa sun yi azumi, Allah bai kula ba. Aka amsa musu cewa a ranar azumin ma suna matsa wa ma'aikatansu, suna faɗa da juna. Azumin da Ubangiji ya zaɓa a wurin, duk na hannu ne: a kwance wanda aka ɗaure da zalunci, a raba abinci da mai yunwa, a ba marar gida masauki, a suturta marar tufa.

Masu bi na farko sun ɗauki wannan da gaske. A ƙarni na 2, wani masani a Atina mai suna Aristidis ya rubuta wa sarkin Roma bayani a kan Kirista. Cikin abin da ya shaida har da cewa in akwai mabukaci a cikinsu, su kuwa ba su da rara, sai su yi azumin kwana biyu ko uku domin su ciyar da shi. Ku lura, matalauta ne suke yin haka domin matalauta. Wani littafi na zamanin, Makiyayin Hermas, ya umurci mai azumi ya lissafa kuɗin abincin da zai ci a ranar, ya ba gwauruwa ko maraya. A nan ma muna da abin gani a unguwarmu: Musulmi ba ya zuwa idin ƙaramar salla sai ya fitar da zakkar kono, domin talaka shi ma ya ci.

Wani zai ce, "Fasto, a gidana sau ɗaya ake ɗora tukunya, wane azumi kuma?" Maganarsa gaskiya ce, tana kuma da nauyi. Yunwar dole ba azumi ba ce, kada kuma ikkilisiya ta ɗora wa mai ciki, ko mai shayarwa, ko marar lafiya, ko mai fama da rashi kayan da Ubangiji bai ɗora musu ba. Idan aka yi shelar azumi a majami'ar da waɗansu suke kwana da yunwa, kiran ya fi shafar masu ƙoshi, domin a rumbunsu ne abincin waɗancan yake.

Yesu ya ce a Matiyu sura 6 mai azumi ya wanke fuska, ya shafa mai, kada kowa ya gane. A surar nan kuma ya ce a yi sadaka a ɓoye. Saboda haka mudun dawa ko shinkafar da aka rage ba sai an kawo shi gaban bagade ran Lahadi ana tafi ba. Ana iya aika yaro da shi da magariba, ko a ba dattijon ikkilisiya ya kai, ba tare da an faɗi daga wane gida ya fito ba.